Hijabin ƴarki da bakin injin: amsa ga wata uwa kan dokokin wurin wasa

Tambaya: Ranar ƙaramar sallah na kai yarana wani wurin wasa. Mun biya kuɗin shiga, mun bi layi, sai da ƴata mai shekara 15 ta kai bakin ƴar motar tseren nan mai kula da wurin ya ce ba ta hawa sai ta cire dogon hijabinta, kuma a gaban jama'a ya faɗa. A ƙofa na ga an koro wata yarinya wai wandonta ya matse ta, alhali ga samari can ciki suna bin ƴan mata da salula suna ɗaukar su hoto, ba wanda ya ce musu uffan. Shin mai wuri na da ikon gaya wa mutum abin da zai sa da yadda zai yi bayan ya karɓi kuɗinsa? Daga wata uwa a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, ya raya mana yaran nan. Na karanta tambayarki sau biyu. Abubuwa uku ne suka same ki a yini guda, ɓacin rai ya dunƙule miki su wuri ɗaya. Ni asalin sana'ata gyaran injuna ce. Na yi shekaru ina kula da lilo mai lantarki da ƙananan motoci a wuraren shaƙatawa, daga baya aka ɗora mini kula da masu tsaron ƙofa. Na tsaya inda yaron da ya hana ƴarki ya tsaya, na kuma ga fuskar iyaye irin taki a wannan lokacin. E, mai wuri na da iko ya sa doka, kai, wajibi ne a kansa ya sa ta ya kuma tsaya a kanta. Sai dai a cikin abubuwa ukun da kika lissafa, a ɗaya kaɗai masu wurin ke da gaskiya, kuma ita ma gaskiyar sun zubar da ita ta yadda suka faɗe ta.

Mu fara da ƴarki, don a nan ne maganar rai take. Duk wanda ya zauna Damagaram ya taɓa gani, ko ya ji labarin, macen da ke bayan kabu-kabu gefen mayafinta ya shiga tsakanin sarƙa da taya ya fizgo ta ƙasa. Masu injin niƙa ma sun san wannan, shi ya sa tsofaffin cikinsu ba sa barin yarinya ta matso kusa da bel da gyale a sake. To ƴar motar tseren nan ta fi kabu-kabu haɗari ta wannan fuskar. Injinta da sarƙarta da sandar ƙarfen da ke juya tayoyin baya duk suna daf da bayan mai tuƙi, kujerar kuma a ƙasa take, kusan tana shafar daɓe. Da mota ta tashi, iska za ta kaɗa tufa baya, wato daidai inda ƙarfen ke juyawa.

Ki duba lissafin da kanki. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin fiye da mita 8 a kowane sakan. Tayarta ƙarama ce, kewayenta bai kai mita ɗaya ba, saboda haka tana juyawa wajen sau tara ko goma a sakan guda, sandar ma haka. In bakin hijabi ya taɓa sandar ya kama, mita ɗaya na yadi zai naɗe cikin abin da bai wuce sakan ɗaya ba, ɗaya bakin kuwa yana wuyan yarinya. Yadin hijabin yanzu mai santsin nan ba ya yagewa da sauƙi, kuma ɗinkin da ke zagaye fuska an yi shi ne don kada ya zame. Abin da ya sa yake da kyau a hanya shi ne ya sa yake da haɗari a nan. Mai kula da injin sai ya gani, ya gane abin da ke faruwa, ya kai hannu ya kashe, sannan ƙarfen ya ƙarasa gudunsa ya tsaya. Duk saurin hannunsa ya makara.

Abin ya taɓa faruwa. A watan Afrilu na 2010 wata matashiya Musulma ta rasu a Ostareliya bayan ɗan kwalinta ya naɗe a tayar irin wannan ƴar motar. A Janairu 2014 wata mata ta rasu a Montreal ta ƙasar Kanada, gyalenta ya maƙale a matakalar nan mai tafiya da kanta ta tashar jirgin ƙasa. Inji bai san addini ba, bai san ɗiyar wane ba. Saboda haka in kika tambaye ni ko zan bar ƴata ta hau wannan motar da hijabi mai kai wa gwiwa yana lilo, ba zan bari ba, ko da mai wurin ya yarda.

Amma ki lura da abin da na ce: yana lilo. Matsalar ba rufe kai ba ce, sakin yadi ne. Nan ne yaron ya yi kuskure, ko kuma in ce waɗanda suka ajiye shi ba su koya masa ba. Ba wanda ya isa ya ce wa budurwa a garin nan ta buɗe kanta a gaban maza don ta hau abin wasa, kuma ba a ma buƙatar hakan. Ƙaramin hijabi mai tsayawa a kafaɗa, a cusa bakinsa cikin wuyan riga, ya wadatar. Wurin da ya san aikinsa yana ajiye irin waɗannan da yawa, wankakku, da ɗan ɗaki ko labule inda mace za ta canja, da ma'aikaciya mace da za ta ja ta gefe ta yi mata bayani a hankali. Kuɗin wannan duka bai taka kara ya karya ba. Sannan dokar ta hau kan kowa. Babbar riga ta fi hijabi yawan yadi. Rawanin Buzu in ya warware ya fi mayafi tsawo. Akwai carbi a wuya, akwai dogon ƙarin gashi, akwai laffaya. In aka tsayar da mai hijabi aka bar alhaji ya hau da babbar riga, duk wanda ke kallo zai ce hijabin ake ƙi, kuma ba za ki ga laifinsa ba.

Babban laifinsu shi ne lokacin da suka faɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sharaɗi a bakin ƙofa ake faɗinsa, kafin hannu ya saki kuɗi. Tikitin da kika saya yarjejeniya ce tsakaninki da mai wuri, kuma a addininmu ma hadisi ya zo cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. To ta yaya za a riƙe mutum da sharaɗin da bai ji ba? In an gaya miki tun a ƙofa kika shiga, kin yarda ke nan. In an ɓoye sai da ƴarki ta sha rana a layi, to mafi ƙarancin haƙƙinki shi ne a ba ku haƙuri a mayar muku da kuɗin wannan hawan.

Irin wannan sakacin ya taɓa jawo babbar fitina a Amurka. A ƙarshen Agusta 2011, ranar sallar azumi, Musulmi wajen dubu uku suka je wani wurin wasa mai suna Playland a garin Rye, kusa da birnin New York. Wurin yana da dokar hana hawa wasu injuna da wani abu a ka, ko hula ce ko ɗan kwali. Masu wurin sun ce sun sanar da waɗanda suka shirya tafiyar, amma mata da yawa sai a bakin injin suka fara ji. Gardama ta zama kokawa, ƴan sanda suka cika wurin, aka kama mutum 15, sallar mutane ta lalace. Duk abin da ya faru a ranar, da an yi magana a fili tun kafin a shigo motoci da yawancinsa bai faru ba.

A garinmu kuma allo kaɗai bai isa ba. Sau nawa na ga an kafa dogon allo da Faransanci, ƙananan baƙaƙe, an ce ai mun rubuta? Wa zai tsaya karanta shi ranar sallah, da goyo a baya da yara huɗu suna jan zane? A rubuta da Hausa, boko da ajami, a zana hoto, a sa lasifika tana maimaitawa a bakin ƙofa, mai sayar da tikiti kuma ya duba mutum ya faɗa masa da baki. Mutanenmu da kunne suka fi karɓar magana, in kunne ya ji kuwa jiki ya tsira.

Wasu na ɗauka cewa sa wa baƙo doka abin ƙasashenmu ne, can waje kowa na yin abin da ya ga dama. Wuraren wasan da suka fi shahara a duniya su suka fi kowa yawan doka. Disneyland ta farko an buɗe ta a Kalifoniya a Yuli 1955, ta kusa da Paris kuma a 1992. A wuraren Disney na Amurka ba a shiga ba riga ko ba takalmi, ba a shiga da tufa mai jan ƙasa ko mai ɗauke da rubutun batsa. Wanda ya kai shekara 14 ba ya sa kayan shigar ƴan wasa ko abin rufe fuska, sai a wasu bukukuwa na musamman. Dalilin a fili yake: kada ƙaramin yaro ya ga baƙon mutum cikin shigar da ya sani ya ɗauka ma'aikacin wurin ne ya bi shi. A 2015 suka hana sandar nan da ake maƙala wa salula a ɗauki hoto, don mutane na zaro ta a kan jirgi mai gudu. A Mayu 2019 suka hana shan taba a cikin wuraren nasu na Amurka. A na Paris akwai jirgin da sai yaro ya kai santimita 102 zai hau, akwai wanda sai 120, saboda ƙarfen da ke danne mutum a kujera da girman jiki aka auna shi, ba ruwansa da shekaru ko jarumtar yaro. Ki ɗauki kowace ɗaya cikin dokokin nan, za ki ga ana iya faɗin dalilinta da magana ɗaya. Ni da wannan nake gwada doka. In na tambayi gardi me ya sa, ya kasa ba ni amsa sai "haka aka ce", to ko dai dokar ba ta da tushe ko kuma ba a koya masa aikinsa ba.

Yanzu ga yarinyar da aka koro a ƙofa. Nan ƙafa ta fi zamewa, kuma zan faɗi ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Damagaram gari ne na kunya. Wurin da aka buɗe don iyali, inda kaka za ta zo da jikoki, malami ya zo da matansa, yana da damar neman a shigo cikin suturar da mutanen gari ba za su sunkuyar da kai ba. In bai nema ba, magidanta za su daina kawo iyalinsu, wurin ya koma na wasu daban, cinikin ma ya mutu. A Dubai, inda baƙi ke zuwa daga ko'ina, manyan kantuna na kafa sanarwar a rufe kafaɗa da gwiwa. Ba abin mamaki ba ne mu ma mu nema.

Sai dai dokar sutura wuƙa ce, tana yanka duk inda mai riƙe da ita ya juya ta. A Agusta 2016 wasu garuruwan bakin teku a Faransa suka hana mata rigar wankan nan mai rufe jiki da ake kira burkini, sai da babbar kotun da ke duba ayyukan hukuma ta dakatar da hanin na garin Villeneuve-Loubet. A Yuni 2022 kuma kotun nan dai ta ƙi yarda da tsarin birnin Grenoble da ya halatta rigar a wuraren ninkaya na hukuma. Da muka ji labarin nan ranmu ya ɓaci, don mun ga ana wulaƙanta mace saboda tufarta. To ciwon da matan can suka ji a bakin teku shi yarinyar nan ta ji a bakin ƙofarmu, gaban ƙawayenta, ranar sallah, da kayan da watakila ta yi wata guda tana tara kuɗinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne dokar da aka rubuta "suturar mutunci" kawai aka tsaya. Wa ke auna mutuncin? Idon gardi. Wato an ɗauki ƙaton namiji an ba shi aikin ƙare wa ƴaƴan mutane kallo daga sama har ƙasa, ya yanke hukunci ko wando ya matse ko bai matse ba. Wannan kallon shi kansa keta mutunci ne, ya fi wandon muni. Kuma na sha gani da idona: wadda ta sauko daga babbar mota da irin wannan shigar a buɗe mata ƙofa har da gaisuwa, wadda ta sauko daga kabu-kabu a daka mata tsawa. Ga shi garin ba mu kaɗai ba ne a cikinsa. Akwai Kiristoci, akwai ma'aikata da ƴan kasuwa daga Benin da Togo da kudancin Najeriya, akwai ɗaliban Jami'ar André Salifou da suka zo daga wasu jihohi, kowa da irin shigar gidansu. Baƙo ba zai san iyakarmu ba sai mun faɗa masa ita a sarari.

Saboda haka in za a sa dokar, a sa wadda ake iya nunawa da yatsa: daga kafaɗa zuwa ƙasan gwiwa a rufe, yadi kada ya zama shara-shara, ba rubutu ko zanen batsa, kuma namiji da mace duka. Saurayin da ya zo da singileti ko wando a ƙasan ɗuwawu shi ma ta hau kansa. Mace ce kaɗai za ta yi wa mace magana, a gefe, da murya ƙasa. Kada kora ta zama matakin farko. A ajiye zannuwa da gyale na aro, a ce mata "ƙanwata, ga wannan ki yafa, in za ki fita ki mayar." A shekarun da na yi, da wuya na ga yarinyar da aka yi wa magana haka ta ƙi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mai niƙabi kuwa, in tsaro ya sa dole a ga fuska a ƙofa, ma'aikaciya ta duba ta a bayan labule, shi ke nan.

Akwai ƙananan abubuwa na sutura da ba sai na daɗe a kansu ba. Silifa na fita daga ƙafa a lilo mai tashi sama ta faɗo wa na ƙasa. Ƙafa ba takalmi a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ƙarfen tsani da na zamiya na iya sale ta. Inda akwai wurin ninkaya, kayan auduga na shan ruwa su yi wa yaro nauyi, zarensu kuma ya toshe matatar ruwa, a garin da kowa ya san wahalar ruwa.

Sai na uku, samarin da ke bin ƴan mata da salula. Hajiya, a nan ne wurin ya fi gaza ki, kuma shi ne abin da aka fi yin shiru a kansa. Yarinya ta zo ta hau lilo, iska ta ɗaga mata tufa, wani ya ɗauka, kafin magariba hoton ya zaga WhatsApp da TikTok. Wandon waccan bai cuci kowa ba kamar yadda wannan hoton zai cuci yarinya da gidansu, har ya bi ta zuwa ranar da za a zo neman aurenta. Dokar hali ita ce ta fi cancanta a tsananta: ɗaukar hoton wanda bai yarda ba, taɓa mace ko matse ta a cunkoso, zagi, tsallake layi, shigowa da wuƙa ko gora, shigowa a buge da tramol ko wani abu. Duk wannan kora ce, ba ciniki.

Me ya sa ba a yi? Zan gaya miki, don na zauna da masu gadin nan na ji cikinsu. Tsoro ne. Yarinya ɗaya in ka daka mata tsawa kuka za ta yi ta tafi. Samari goma da suka zo tare, ƴan fada ɗaya ko ƴan palais, wato ƙungiyoyin samarin unguwa, in ka taɓa ɗaya za su jira ka a hanya in ka tashi aiki. Gardin da albashinsa bai kai masa ƙarshen wata ba, wanda ya san ran da rigima ta tashi mai wurin zai zame ya bar shi, ba zai sa kansa a wannan ba. Sai ya nuna aikinsa a kan mai rauni don a ga yana aiki. Ki duba dogaran Sarkin Damagaram ranar hawan sallah. Dubban mutane ne a ƙofar fada, ga dawaki, ga turereniya, amma dogari ɗaya in ya ɗaga hannu ana ja da baya. Ba ƙarfin damtsensa ake tsoro ba. Kowa ya san akwai wanda ke tsaye a bayansa. Gardin wurin wasa shi ba kowa a bayansa, nan ne ciwon yake.

Na ga yadda ake karya wa ma'aikaci baya. Wata babbar sallah wani mai faɗa-a-ji ya kawo ɗansa, tsayin yaron bai kai alamar da muka zana ba, saura kamar yatsa uku. Matashin da ke bakin injin ya hana, yadda aka koya masa. Mutumin ya ce "ka san ko ni wane ne?", ya zaro salula ya kira mai wurin, mai wurin ya ce a bar shi ya hau. Allah ya tsare, yaron ya sauko lafiya. Amma daga ranar matashin nan bai sake hana wani mai manyan kaya ba, sai ƴaƴan talakawa yake aunawa. Abin ya tsaya mini a rai har na sami mai wurin na ce masa ko dai maganar mai kula da inji ta zama ta ƙarshe a bakin injinsa, har a kan shi mai wurin, ko kuma ya nemi wani ya riƙe masa aikin. Ya yarda, aka tara ma'aikata ya faɗa da bakinsa a gabansu. Bayan haka ne na fara ganin yaranmu suna iya tsayar da saurayi mai ji da kansa su ce ya koma bayan layi.

Rikicin matasa a wurin wasa ba mu kaɗai ke fama da shi ba. A Yuli 2022 wurin da ake kira Knott's Berry Farm a Kalifoniya ya rufe ƙofa awa uku kafin lokaci saboda faɗace-faɗacen samari. Cikin ƴan kwanaki suka fito da doka cewa a ranakun Juma'a da Asabar ɗan shekara 17 zuwa ƙasa ba ya shiga sai da babba wanda ya kai 21. Ba na cewa mu kwafo ta yadda take. Yaranmu da yawa su kaɗai suke yawon sallah da ɗan barka da sallarsu a aljihu, in aka ce sai da babba, marayu da ƴaƴan marasa hali ne za su fara rasa shiga. Abin da na ga yana aiki a nan shi ne a san adadin mutanen da wuri zai ɗauka, in ya cika a dakatar da tikiti ko da kuɗi na kira, don yawancin taɓe-taɓe da sata da ɓatan yara a cunkoso ake yin su. A keɓe wasu awoyi ko wata rana ta mata da ƙananan yara. A sa fitila a kowane lungu. Ma'aikata su sa riga iri ɗaya su riƙa zagayawa bibbiyu, da mata a cikinsu, don yarinyar da aka dama ta san wurin wa za ta. Kuma a je ofishin ƴan sanda a shirya da su tun saura mako guda sallah, kada a bari sai jini ya zuba a fara neman lamba.

Ikon mai wuri kuma yana da iyaka, ya kamata ki san ta. Yana iya hana shiga, yana iya gargaɗi, yana iya tsayar da inji, yana iya raka mutum zuwa ƙofa. Duka, ko kulle mutum a ɗaki, ko yi masa aski, ko sa shi tsallen kwaɗo, ko ɗaukar hotonsa a watsa don a kunyata shi, duk ba huruminsa ba ne. Shi ba alƙali ba ne. Wanda ya ɗauki hoton yarinya a ce ya goge a gaban ma'aikaci ya fita, in ya ƙi ko abin ya wuce nan a kira hukuma. Haka kuma baƙi ba su da ikon zama masu hukunci. Ran da aka bar taron samari suka fara yi wa wata ihu saboda tufarta, wurin ya fita daga hannun mai shi, kuma ba wanda ya san inda zai tsaya.

Ke kuma, Hajiya, shawarata kada ki bar maganar a ciki. Ki bari hayaniyar sallah ta lafa, ki je ranar da ba mutane, ke da maigidan ko wani babba a gidanku, ku nemi mai kula da wurin shi kansa, ba yaron bakin injin ba. Ki gaya masa kin yarda da dalilin hana dogon hijabi, amma ki tambaye shi me ya sa ba a faɗa a ƙofa ba, ina ma'aikaciya mace, ina wurin canjawa, kuma wa aka kora a cikin masu ɗaukar hoton. Masu wuraren nan sun fi jin maganar uwa ɗaya da ta zo cikin natsuwa fiye da zagin mutum ɗari, don sun san bayanta akwai matan unguwa guda. Ƴarki kuma ki zaunar da ita ki nuna mata sarƙar babur da ke tsakar gida, ki juya tayar da hannu ta ga yadda take cin tsumma, don ta san ba hijabinta aka raina ba. In za ku koma da babbar sallah, ki sa mata ƙaramin hijabi a jaka, ƙannenta su sa takalmi mai maɗauri, ki kuma rubuta lambar salularki a ƴar takarda ki sa a aljihun kowane ƙarami kafin ku bar gida.